Sammani mai wankin kwalabe da jan yis

Ana idar da sallar asuba Sammani yake takawa zuwa unguwar Mokola ya hau okada, farar rigar aikinsa a leda. Shekara talatin da ɗaya yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a a nan Ibadan. Ya wanke, ya turara, ya jera, kafin masu digiri su iso. Wata mai zuwa zai ajiye aiki.

Ni Alasan mai burodi ban taɓa zama a aji ba, amma na yi shekara arba'in gaban tanderu, gobara biyu ta cinye mini rumfa na miƙe tsaye. Zancen yis, duk unguwarmu ta Sabo ba mai koya mini. Shi ya sa da Sammani ya ce a wurinsu akwai jan yis, na ce, "Ƙanena, wannan ruɓaɓɓe ne." Ya ce, "Yaya, naka ciki yake cikawa, namu abin magani ake nema a jansa."

Bara, wata ɗaliba, Rahma, ta shiga uku. Jan nan take so ta auna, yis ɗinta kuwa ya ƙi yin ja. Ta ba shi abinci, ta ɓoye shi a inuwa, yana ta ƙiba fari fat. Saura wata biyu ta miƙa aikinta, in ta gaza shekara uku sun tafi a banza.

Sammani ya daɗe yana lura cewa kwalaben da aka manta a bakin taga, inda rana ke dukansu, sun fi ja in ya zo zubarwa. Ya gane sai yis ɗin ya sha wuya yake yin ja. Ya same ta ya ce, "'Yata, gata ya yi masa yawa. Ɗiga masa ruwan nan mai kumfa na wanke ciwo."

"Baba, ai kashe shi zai yi."

"In kin kwarara. Ɗigo na ce."

Ta jera kwalabe kashi uku. Wanda ba a taɓa ba ya zauna fari, wanda aka cika wa ya mutu, na tsakiya ya rine kamar manja. Ashe jan nan garkuwa ce ga yis ɗin: in iska da zafi suka fara cin jikinsa, sai ya ƙera ta ya kare kansa. Rahma ta ci jarrabawarta, ta zo har ƙofar masallacinmu ta durƙusa ta gaishe shi. A gabana aka yi.

Sammani, kai ne ido a ɗakin masu tabarau. Littafin binciken Rahma ya fito ba sunanka, ka ce ba komai. Ni na ce da komai, ga shi na faɗa. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka.

Ku kuma da kuke aiki inda ba a rubuta sunanku, ku riƙa duba abin da ke cikin kwalba kafin ku zubar.