Igiyar Baba Iliyasu

Ranar da Baba Iliyasu ya ajiye mini guntuwar igiya a kan kanta, ban manta da ita ba, ba kuma na jin zan manta. Ku da kuka fara aiki kwanan nan, ita ce wadda kuke gani a durowata kuna tambaya ko laya ce.

Lokacin wata bakwai ke nan da zuwana Doha, ina karɓar oda a shagonmu na ɗaga motoci da ke hanyar Salwa. A watan Nuwamba ne, zafi ya sauka, masu gari kowa na shirin fita kafa tanti a sahara. Aikina in ji abin da mai mota yake so, in rubuta, in tura wa makanikai. Ɗaga mota ba wani sihiri ba ne: a sauya sifirin da shokozoba, jikinta ya ƙara nisa da ƙasa don kada cikinta ya kwanta a yashi, sannan a sa mata manyan tayoyi.

Ni kuwa da nake sayar da kayan sahara tun safe har yamma, ban taɓa taka ta ba. Daga ɗakinmu na unguwar Fereej Abdel Aziz zuwa kanta, daga kanta zuwa ɗaki. Akwai wani babban hoto a bangon da ke fuskantata, tuddan yashi suna gangarawa har cikin teku. In babu kowa sai in yi ta kallonsa, har in ji kamar ƙafata na nutsewa a sanyin rairayin.

Ranar, wani saurayi ɗan gari ya bugo waya: inci huɗu na ɗagawa, taya mai inci talatin da biyar, irin mai manyan haƙora. Manaja ya sa hannu. Da azahar direban gidansu ya kawo jif ɗin, Baba Iliyasu, dattijo Bakatsine mai farin gemu. Ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida. Na miƙa hannu.

"Baba, makulli. Akwai layi."

Maimakon makulli sai ya zaro igiya mai ƙulli ɗaya, ba ta fi kamu biyu ba.

"'Yata, a ɗaga ta yadda aka ga dama, amma kada matakin shiga ya wuce ƙullin nan."

"Baba, nan ba shagon tela ba ne. Da inci muke aiki."

Ya yi murmushi, ya ja kujera ya zauna, alamar ba inda za shi. Ya ce shekararsa goma sha tara yana tuƙa Hajiya, mahaifiyar saurayin. A can sahara aka haife ta, inda teku ke shiga tsakanin tuddai, kuma bana take son komawa ta gani, don idonta ya fara dushewa. Gwiwarta ta ƙi. Ba ta yarda a aje mata kujera ta taka, ba ta yarda a ɗauke ta.

"Ta ce ranar da aka ɗauke ta aka sa a mota, to ba ta san an yi ba ne."

"To wa ya auna ƙafarta?"

"Haba, 'yata. Ni na isa? Wata biyu ina lura. Dokin ƙofar kicin tana hawa ita kaɗai. Na lambu kuwa sai ta tsaya ta juya. Na kicin na auna."

Na ɗaga kai na kalli hoton bango. Karon farko na ga kamar akwai mutum a cikinsa: wata yarinya ba takalmi tana gudu a kan tudu, mayafinta na bin iska.

Na ɗauki tef na fita. Inci huɗu da waccan taya za su kai matakin sama da ƙullin da fiye da tafin hannu. Ko da matakin lantarki, wanda ke saukowa in an buɗe ƙofa, ba zai kai ba. Da inci biyu da taya talatin da uku kuwa, matakin na sauka daidai ƙullin. Ban da haka, taya mai haƙora ta laka ce, a yashi haƙa rami take yi. Yashi taya mai laushi yake so, a rage mata iska ta baje.

Da na faɗa wa manaja, ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, an sa hannu. Ba ruwanki." Na ce to a ba ni lambar mai motar. Ya ce in ya soke odar, ni zan amsa. Na buga. Ban iya kwana-kwana ba ko da Hausa, balle da Turanci.

"Yallaɓai, motarka za ta yi kyau a hoto. Amma mahaifiyarka za ta zauna a gida."

Sai ya ce, "Wa ya faɗa miki?" Na ce igiya ce ta faɗa, na yi masa bayani. Ya ce, "Iliyasu..." bai ƙarasa ba. Sai kuma: "Yalla, shi ke nan, ku yi yadda ya ce."

Bayan kwana uku suka zo ɗaukar motar tare da Hajiya, 'yar tsohuwa cikin baƙar abaya, tana ƙanshin turaren wuta. Ni na buɗe mata ƙofa. Matakin ya sauko a hankali. Makanikai suka daina buga guduma. Ta laluba shi da sandarta, ta ɗora ƙafa, ta kama hannun ƙofa, ta shige. Baba Iliyasu ya juya baya yana goge madubin da ba shi da datti.

Mako na gaba ya dawo da robar ruwa cike da yashi, fari, mai laushi kamar garin tuwo. Ya ce Hajiya ta zauna a bakin ruwa har rana ta faɗi, tana kiran sunayen tuddai ɗaya bayan ɗaya, kuma da hannunta ta ɗebo wannan, ta ce a kai wa yarinyar nan mai kaifin baki. Na zuba kaɗan a bayan kanta, na cire takalmi na taka.

Har yau ba ni da haƙurin doguwar gaisuwa. Amma ba na rubuta oda sai na tambaya: wa zai shiga motar? Mai biya inci yake faɗa. In direba ya tsaya yana jan magana, ku ba shi kujera, shi ya san ƙafar da za ta taka.