Ranar da Aka Tsayar da Ni a Zaure

Assalamu alaikum. Masu tambaya ina Sabi'u ya shige wata da watanni, ga ni. Yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba.

Na kai shekara ashirin da uku ban balaga ba. Ba gemu, ba gashin hammata, murya kamar ta ɗan firamare.

A ƙauyenmu, wajen Farin Dutse, yaro na fara girma ake hana shi shiga gidajen matan aure. Sa'o'ina duk an hana su. Ƙanina ma an hana shi. Ni kuwa ko'ina shiga nake, mata na tsefe kai ba mai neman mayafi. Mutane na ganin gata ne. Ni kaɗai na san yadda abin yake ci na.

Na sha jiƙe-jiƙe, na sha rubutu. Baba ya ce, "Kowa da lokacinsa." Na ci gaba da jira.

A gidan kajin da nake aiki a Birnin Kudu na zame na karye a hannu. A asibiti likita ta dubi katina, ta dube ni.

"Wannan shekarun naka ne ko na yayanka?"

Na ce nawa ne. Ta rufe ƙofa ta yi min tambayoyin da suka sa na sunkuyar da kai. Can ta ce, "Kana jin wari?"

Na ce a'a. Tun da nake ban taɓa jin wari ko ƙamshi ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Ni ake ba kwasar kashin kaji, ana cewa Sabi'u akwai haƙuri. Ashe hanci ne ba ya aiki!

Ta tura ni Kano. Aka ɗebi jini sau uku, aka saka ni cikin injin hoton ƙwaƙwalwa mai ƙara kamar na niƙa. Sai da Inna ta sayar da tunkiyarta. Tsorona kada a ce ƙari ne a kaina.

Babban likitan ya ce babu ƙari. Ya ce akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke aikawa zuwa wata 'yar halitta a ƙarƙashinta, kamar ƙwayar wake, ita kuma ta aika wa maraina su fara aiki. Ni saƙon farkon ne bai taɓa fita ba. Tun ina cikin uwa hanyarsa ɗaya da ta jin ƙamshi, shi ya sa suka ɓace tare.

"Motarka lafiya lau," in ji shi, "ba a ba ta hannu ta tashi ba ne."

Na yi ƙarfin hali na ce, "Likita, haihuwa fa?"

"In ka tashi aure akwai wata allurar daban. Da yawa suna samu. Hancin dai kada ka sa rai."

Aka fara yi min allura duk wata. Ƙuraje suka feso min, ga cin abinci, ga saurin fushi, ni da ba a san ni da faɗa ba. Murya ta riƙa karyewa, abokan aiki suna cewa zakara ya fara koyon cara.

Bayan wata bakwai na je gida, Inna ta aike ni wajen maƙwabciyarmu Hajiya Talatu. Na yi sallama zan kutsa kamar kullum. Sai na ji guje-guje.

"Wane ne?"

"Ni ne, Sabi'u."

"Wane Sabi'un? Kai, tsaya nan a zaure!"

Na tsaya. Ina dariya, hawaye na zuba.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Inna da likitar da ta lura da ni. Har yanzu ina kan allura, ba na fashi.

Iyaye, in yaro ya wuce sha biyar ba alamar girma, ku kai shi asibiti, ku bar tsokanarsa. Maganin maza na bakin tasha ba zai yi komai ba. Shekara takwas na yi ina jiran abin da ba zai zo da kansa ba. Haƙuri abu ne mai kyau, amma a yi shi a layin ganin likita.