Na Sa Wa Mashayin Fim Muryar Mai Gidana

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, ni saurayi ne mai zaƙin baki, karatuna bai wuce aji uku na elementare ba, sai ɗan Faransancin da na tsinta lokacin da nake dako a Fort Lamy, babban birnin Chadi. Da na dawo Maiduguri ba ko anini, wani dattijon tela a unguwar Abbaganaram ya ba ni ɗaki a gidansa. Ba'a nake kiransa, wato baba da Barbarci, shi kuma ya ce mini ɗana. Daga baya na samu aikin fassara a wata silima. Ina zaune kusa da na'ura, fim yana tafiya, ina gaya wa 'yan kallo ta lasifika abin da ake faɗa, da Hausa, wani lokaci in surka da Barbarci.

Ba'a yana da wani ciwo da ni kaɗai na sani. Tun rasuwar matarsa ya faɗa shan giya a ɓoye, har hannunsa ya fara rawa, mutane suna ɗauka tsufa ne. Kwalbar tana cikin buhun ƙyallaye a ƙarƙashin keken ɗinki. Ranar da na ci karo da ita, ya riƙe hannuna ya roƙe ni in rufa masa asiri, ya ce yana yaƙi da abin. Kuma ya yi yaƙin. Daga azumin shekarar har bayan babbar salla bai kurɓa ba. Hannunsa ya tsaya, mutanen unguwar Shehuri suka koma kawo masa ɗinkin manyan riguna.

Ana haka mai silimar ya samo wani fim na Faransa ta hannun direbobin Chadi. Ba rawa, ba waƙa, ba doki. Labarin talakawa ne da suka cunkushe a wani tsohon bene: mace mai wankau da 'ya'ya biyar, ma'aikacin da aka sallama, baƙon Balarabe da maƙwabta suka tsana, da wani tsohon soja da giya ta cinye. Mutanenmu sun saba da fim ɗin Indiya da na kaboyi, nan da nan suka fara ihu suna jifa da ɓawon gyaɗa. Mai silimar ya leƙo ya ce in san yadda zan yi da su, in ba haka ba gobe in nemi wani aikin.

Daidai lokacin aka nuna tsohon sojan yana laluben ƙarƙashin gado. Ban san sa'ad da na yi irin tarin da aka san Ba'a da shi ba, na kwaikwayi muryarsa da gaisuwarsa ta Barbarci da maganar da duk unguwa ta san shi da ita: "Wushe, wushe, rigarka sai jibi." Wuri ya kaure da dariya. Dariyar ta hau mini kai, na ƙara da cewa bari in duba buhun ƙyallayena a ƙarƙashin keke, maganin tarina yana ciki. Alhali na ji Faransancin sarai. Tsohon roƙon 'yarsa yake yi kada ta tafi ta bar shi. Ban fassara wannan ba. Mako guda aka yi ana nuna fim ɗin, kullum wuri ya cika, kullum ina maimaitawa.

Wani mahauci mai son raha ya je shagon Ba'a ya zazzage buhun a gaban jama'a. Kwalbar ta faɗo a cike, ko murfinta ba a buɗe ba, amma wa ya tsaya duba murfi? Masu riguna suka zo suka kwashe yadinsu. A masallaci, na kusa da shi a sahu suka riƙa matsawa.

Bai zage ni ba, bai kore ni daga gidansa ba. Wata safiya na fito zan wuce, yana zaune gaban keke ba aiki, sai ya ce, "Ɗana, an ce ka iya muryata. Yi mini in ji." Na kasa ɗaga ido. A makon na tattara kayana na koma unguwar Gomari, ina gaya wa kaina zan dawo in nemi gafara idan ƙura ta lafa. Ya koma shan, wannan karon a fili. Ya sayar da keken, danginsa suka ɗauke shi zuwa ƙauye. Labarin rasuwarsa a bakin wani fasinja na ji shi a tasha, bayan an yi sadakar arba'in.

Yanzu na tsufa, na je Makka, na yi masa addu'a a can, amma malamai sun gaya mini hakkin mutum sai shi ya yafe. Abin da na gane a makare shi ne, wanda yake kokawa da jarabarsa a ɓoye, sau da yawa rufin asirin nan ne kaɗai yake riƙe da shi. Ku matasa masu iya ba da dariya, ku duba da wa kuke ba da ita. Wanda kuma ya san ya cuci wani, ya tashi ya je yau, tun akwai mai amsa masa sallama.