Gabas ɗin Hashimu

Shekara ashirin da biyu ke nan Hashimu yana Ikko. Daga wani ƙauye a ƙasar Gumel ya zo, ya fara da yaron mota a Apapa, yana sa wa tirela waigi a dogon layin shiga tashar jiragen ruwa. Da ya gaji sai ya koma Agege ya hau okada, ya shafe shekara goma sha huɗu a kai. Daga Zango zuwa Abatuwa babu lungun da bai sani ba. Ya san inda ruwa ke kwanciya in an yi ruwan sama na minti ashirin, ya san lambatun da ke haɗiye tayar gaba.

Ranar da aka ƙwace babur ɗinsa a kan wata hanya da aka hana okada, bai ma bi sawu ba. Matarsa Uwa ta faɗa masa gaskiya: in damina ta wuce babu sana'a, gida za su koma. 'Ya'yansu uku kuwa duk a Agege aka haife su, a nan suke makaranta, ƙauyen sai a bakin iyayensu suke jin sa.

Bayan wata sallar Juma'a aka yi sanarwa cewa wata ƙungiya na neman tsofaffin 'yan okada da direbobi waɗanda suka iya karatu da rubutu, za a ba su horo na wata huɗu. Za su koyi ƙidayar motoci a mararraba, da duba yadda ruwa da shara ke ɓata hanya, da zana taswirar hanyoyin unguwa. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe zai sami takardar shaida, kamfanin da ke binciken hanyoyi kuma ya ɗauke shi aiki. Hashimu ya ba da sunansa tun kafin ya sa takalmi.

Malamarsu Injiniya Badiyya ce, haifaffiyar Agege, wadda fataucin goro ya kawo kakanta. Takan fara magana da Hausa, ta ratsa ta Turanci, ta ƙare da Yarbanci, ba tare da ta lura ba. Hashimu ya girme ta da kusan shekara goma, amma shi ke fara zuwa aji.

A jarrabawar ƙarshe aka karɓe wayoyi. Aka ba kowa unguwa guda, da takarda, da fensir, da kamfas mai nuna arewa. Aikin shi ne a zana tituna, da inda motocin haya na danfo ke tsayawa, da magudanai, a sa kibiya a nuna inda ruwan kowace ke nufa. Hashimu ya jefa kamfas a aljihu. A ganinsa, mai salla sau biyar a rana ba ya jiran wata allura ta nuna masa gabas. Unguwar da aka ba shi tana bayan layin dogo, masallatai bakwai ne a ciki. Duk inda ya tsaya sai ya dubi inda masallaci mafi kusa ya fuskanta, ya ce nan ne gabas, ya ja layinsa.

Mai duba jarrabawar wani dattijo ne Bayarabe da aka gayyato daga waje. Ya ɗora zanen Hashimu a kan babbar taswirar ofis, ya ga babu abin da ya hau daidai. Titi ya ratsa ta tsakiyar gidaje, magudana ta zuba ruwanta a harabar makaranta. Ya ce wannan bai fita ko'ina ba, a ɗaki ya zauna ya zana, ya ture takardar cikin waɗanda suka faɗi.

Badiyya ta ɗauko ta. Ta sake ɗora ta a kan taswirar, ta riƙa juya ta a hankali zuwa hagu. Can sai kowane titi ya hau kan ɗan'uwansa. Ta aika a kira Hashimu.

"Malam Hashimu, ina gabas?"

Ya juya ya fuskanci kusurwar ɗakin. "Nan ne."

"Nan kake kallo in za ka yi salla?"

"To da ina zan kalla, Injiniya?"

"Ina kamfas ɗin da na ba ka?"

"Yana aljihu. Ko ƙwarzane bai yi ba."

Ta yi dariya har da riƙe tebur, sannan ta yi wa dattijon bayani da Yarbanci. A bakin Bahaushe gabas da alƙibla abu ɗaya ne. Daga Ikko kuwa Makka ba ta saitin fitowar rana sosai, ta karkata wajen arewa da kusan digiri talatin. Da ta maimaita wa Hashimu da Hausa, sai fuskarsa ta canza.

"Wato duk shekarun nan a karkace nake salla?"

"Sallarka daidai take, Malam. Taswirarka ce a karkace."

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce taswirar da sai an juya ta kafin a karanta ba taswira ba ce. Amma idonsa ya tsaya a kan wasu kwalbati uku da Hashimu ya nuna sun toshe, waɗanda babu su sam a taswirar ofis. Ya ba shi kwana biyu ya sake zanen da kamfas, ya ce da ƙafarsa zai je ya ga kwalbatin, in ya rasa ko ɗaya magana ta ƙare.

Ranar Laraba da safe dattijon ya naɗe wando ya bi Hashimu cikin laka. Biyu sun same su a fili. Na ukun wata mai sayar da gawayi ta kafa rumfa a kai, sai da aka roƙe ta ta ɗaga buhuna. A nan tsaye, a bayan wani keke, dattijon ya sa hannu a takardar.

Yanzu Hashimu na cikin ma'aikatan fili na kamfanin, ya zaga Ijora da Ojo da riga mai ƙyalli da allon rubutu. In aka tambaye shi, ba ya yawan magana a kan kansa.

"Mutum biyu ne ba na mantawa da su a addu'a," in ji shi. "Matar da ta tsaya ta juya takarda, da tsohon da ya shiga laka saboda ni. Ba su da wani abin da za su samu a wurina."

Babbar 'yarsa bana za ta rubuta jarrabawar fita sakandare, a Agege.