Wutar Maƙwabta a Murhun Gobnait

Gobnait ba ta iya zama wuri ɗaya ba, ko a coci sai ta yi ta mutsu-mutsu. Kullum da safe takan haye tudun bayan gidanta ta leƙa kwarin Kilbrack, ta ga gidajen da hayaƙi ke tashi. Lokacin da aka kawo ta amarya, hayaƙin har rufe tsauni yake yi. Yanzu kuwa kangaye ne, jinka ta rufta, tumaki na kwana a ɗakunan da aka haifi mutane.

Duk gidan da za su tafi Amurka, ranar tafiya matar gidan takan ɗebi garwashi ta kai wa maƙwabciya ta haɗa da nata, don kada wutar gidan ta mutu kafin su dawo. Haka aka gada. Mutanen gidan Riordan suka kawo nasu, na Hegarty suka kawo, har tsohuwa Síle da ba sa ga-maciji da ita saboda rigimar kaza. Gobnait ta karɓe duka. Wa ya dawo? Ko mutum ɗaya. Amma kafin ta kwanta sai ta binne garwashin da toka, tana kiran sunayensu tana yi musu faɗa kamar suna jin ta.

Da hukuma ta gina sababbin gidaje a bakin titi, masu rufin dutse da tagar gilashi, autanta Donncha, wanda shi kaɗai ya rage mata, ya samu ɗaya. Ya yi ta lallashinta ta sauko, ya ce ruwa na zubo mata har gado. Ta ce murhun can ɗan tsurut ne, ina zai ɗauki wutar rabin ƙauye? Amma a ranta daɗi ta ji, don a ganinta mai rufin dutse ba ya hawa jirgin ruwa. Ita da kanta ta kai masa garwashin kunna murhu a tukunyar dankalinta, tana sauri tana hararar hadari.

Daga nan ta mai da sauka titi sana'a. Yau ta kai ƙwai, gobe wai ta manta gyale. Surukarta Eibhlín, matar Donncha, tana tsokanarta cewa takalmanta sun kusa kai ƙara. Ita kuwa ido take bazawa. Ta lura bana ba su shuka dankali ba. Ta lura saniyarsu ba ta nan. Da ta tambaya, Donncha ya ce ƙafarta ce ta lalace ya sayar. Ta san ƙarya ce, tsoro ya hana ta sake tambaya.

Wata safiya ta hau tudu, ta hango gidan Donncha na bakin titi babu hayaƙi. Sai ga Donncha yana hawowa, rungume da tukunyar nan tata da garwashi a ciki, yana kare ta daga iska da kwat ɗinsa. Ta shige ɗaki, ta fito, ta koma, ta kama sharar inda ta riga ta share.

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna, ki riƙe mana. Ba za mu daɗe ba."

"Haka Síle ta ce."

Ta karɓa dai, ta juye a murhu, ta tura garwashin cikin na sauran.

"To ni fa, ɗan nan? Tawa wa zan kai wa?"

Donncha ya waiga ya dubi kwarin daga sama har ƙasa. Babu hayaƙin kowa sai nata.