Shekarar da Budimir Ya Gasa Alade

Budimir mai koyar da tuƙi ya bar addini bayan ya haura hamsin, kuma ba abin da ya fi ƙona masa rai kamar yadda garin Pirot bai ko lura ba.

Mu nan yawancinmu coci ba ta ganinmu sai ranar da aka kawo mu a zane don baftisma, da ranar aure, da ranar da aka kawo mu a akwati. Budimir ne kaɗai ya ɗauki abin da gaske, ya ɗauka har ya zame masa ciwo. Laraba da Juma'a azumin coci, ba nama, ba madara, ba ƙwai, kuma sai ka gan shi a kanti da tabarau a kan hanci yana karanta bayan kwalin biskit, kada a je an ɗiga madara a ciki. Idan yana koya wa ɗalibi mota suka wuce gaban coci, sai ya yi alamar gicciye. In kuwa yana cikin yi wani mugun tunani ya gitta masa, to ba ta karɓu ba, sai ɗalibi ya zagayo a sake. Akwai yarinyar da ta gama makarantarsa ba ta iya ja da baya ba, amma a zagaya cocin kasuwa ba wanda ya kama ƙafarta.

Muna ta dariya, muna cewa bawan Allah ke nan. Matarsa Zagorka ce kawai ta san abin ba na dariya ba ne. Barci ya ƙaurace masa, zuciya na dukan ƙirji, yana tuba daga zunuban da bai ma samu zarafin aikatawa ba. Ya yi ta sintiri wurin fada, limamin cocinmu, yana furta laifinsa, har fadan ya koyi bi ta ƙofar baya idan ya hango motar makaranta. Ranar da ya taka birki a tsakiyar titi ya kifa kai a gwiwa yana kuka, ɗalibi ya rasa inda zai sa kansa, ranar ce Zagorka ta ce ya isa. Ta kai shi birnin Nish wurin wata likitar ƙwaƙwalwa. Mutanen gari kuma aka ce musu hawan jini ne, domin a Pirot gara a ce an kama ka da kazar maƙwabci da a ce an gan ka a wannan layin.

Likitar ba ta ce ya bar komai ba. Magani ta ba shi, ta kuma saurare shi wata da watanni. Shi ne da kansa wata Laraba ya yanki cuku ya sa a baki, ya zauna yana jiran rufin gida ya rufto masa. Rufin bai motsa ba. Daga nan abin ya riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, har ya wayi gari ya duba cikinsa bai sami imanin ba, bai kuma sami tsoron ba. Akwai waɗanda coci ce ta tsamo su daga rami, mun san su. Shi dai nasa sauƙin ta nan ya zo. Ya yi barci, ya yi ƙiba. Abin da ya fi ba shi mamaki, bai zama ɗan iska ba. Bai fara ƙarya ba, bai daina faskara wa tsohuwar maƙwabciyarsu itace ba. Da yana yi ne don kada a ƙona shi, yanzu kuwa don tsohuwar tana jin sanyi.

Sai dai Budimir bai iya yin abu rabi-rabi ba. Mutumin da ya addabi ɗalibai da zagaya coci, shi ne ya koma addabarsu da yadda duniya ta samo asali, a tsakiyar shataletale, yaro na ta gumi yana neman sa mota a giya ta biyu. Yara su ce to, su ce to. Manya su ce Budimir ya yi kyau, iskar Nish ta karɓe shi. Shi kuwa abu ɗaya yake so a duniya: wani daga cikin mutanensa ya dube shi ya ce, Budimir, me ya same ka? Ya tanadi amsa, doguwa, ta gaskiya, yana yawo da ita a ƙirji ba mai karɓa.

Ana haka slava ta ƙarato, bikin waliyyin gida. Gidan su Budimir, Waliyyi Nikola suke yi wa tun kaka da kakanni, kuma tun da ubansu ya rasu hoton waliyyin da mariƙin kyandir suka dawo hannun Budimir, shi ne babba.

"Bana ba slava," in ji shi, suna shan kofi.

"To," in ji Zagorka. "Wa za ka gaya wa?"

"Kowa."

"Ka gayyace su ne balle ka fasa?"

Nan ta kama shi. Slava ba a gayyatarta sau biyu. Wanda ubanka ya taɓa ce wa zo, zai yi ta zuwa har ya mutu, ɗansa ya gaje shi. Ba takarda, ba waya. Rana na yi za su sa riga mai kyau, su ɗauko kwalba da ƙullin kofi, su danno.

Ya yi kwanaki yana juya abin, sannan dabara ta faɗo masa. Ranar Nikola cikin azumi take faɗowa kowace shekara, saboda haka teburinta sananne ne: kifi, wake, kabeji naɗe da shinkafa, ko ɗigon kitse babu. Budimir ya je ya sa aka gasa masa ɗan alade guda, da kansa da jelarsa.

"Za su tambaya," ya ce wa matarsa. "Dole wani ya tambaya."

Ta dube shi ta ƙasan ido. "Budimir, kana shan maganinka kuwa?"

"Ina sha, Zaga. Wannan ba ciwo ba ne, hujja ce."

Ranar ta zo. Ba a kunna kyandir ba, ba a kira fada ya yanka burodin slava ba, ba a dafa alkama mai zaƙi da ake ci don mamatan gida ba. Alade na kwance a tsakiyar tebur yana sheƙi. Maigida a slava ba ya zama, a tsaye yake wuni yana hidima, amma Budimir ya ja kujera ya hakimce, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Dobrivoye ne ya fara shigowa, kum ɗinsa, wato wanda ya tsaya masa a aure ya kuma riƙe 'ya'yansa a baftisma, wanda a wurinmu ya fi ɗan'uwa nauyi. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai tumbi da babbar murya. Bayansa sauran suka biyo, falo ya cika. Aka sumbaci juna, aka ce barka da slava, maigida. Sai idanu suka sauka kan tebur. Budimir ya gyara zama.

Dobrivoye ya zagaya aladen sannu a hankali, hannu a baya.

"Kume," ya ce, "wannan kifin a wane kogi aka kama shi?"

Falo ya ɗauki dariya, aka ja kujeru. Ka ga masu imanin garinmu a bakin aiki. Wani ya ce dama likita ya hana shi kifi saboda ƙaya. Wata ta ce ita azumin makon ƙarshe kawai take riƙewa, shi ya fi lada. Wani malamin makaranta mai ritaya ya yanke hukunci a madadin kowa, ya ce baƙo abin da aka ba shi yake ci, zunubin na maigida ne. Da jin haka hankali ya kwanta, aka yi alamar gicciye, aka sa wuƙa.

Budimir ya ga hujjarsa na raguwa daga cinya. Ya miƙe, ya buga cokali a jikin kofi.

"Jama'a, ina da magana. Ni na bar addini. Ban ƙara yarda da komai a ciki ba."

"Haka kakana ya ce zamanin jam'iyyar kwaminis," in ji Dobrivoye, baki cike. "Kuma shi ke kunna kyandir a ɗakin ajiya, labule a sake. Miƙo min kunnen nan."

"Ba wasa nake ba, kume. Na yi rashin lafiya mai tsanani. Zuwan da na yi ta yi Nish..."

"Hawan jini, ai mun ji. Ka rage gishiri. A cika wa maigida kofinsa, ga shi ya tashi tsaye kamar yadda ya kamata."

Aka ɗaga kofuna aka sha don lafiyarsa. Ya tsaya da cokali a hannu.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa komai ba, Goggo Leposava, yayar ubansu, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya. Tana zaune a ƙarshen tebur, jaka a cinya, farantinta fes. Budimir ya sa rai a kanta. Ko zagi ne ta yi, ko ta fashe da kuka, zai karɓa da hannu biyu. Da aka kusa kaiwa ga ƙashi sai ta ɗaga kai ta nemi ƙaninsa.

"Vukashin, sauko min da hoton can. Ka haɗa da mariƙin kyandir. Baɗi a gidanka za a yi."

Vukashin ya dubi yayansa, ya dubi matarsa, wadda ta daɗe da sayen farantai masu bakin zinariya ba ta sami ranar fito da su ba. Ya hau kujera.

"Yi haƙuri, Yaya," ya ce, amma ya sauko da hoton.

"Goggo," in ji Budimir, "ba za ki tambaye ni dalili ba?"

"Dalilin me, ɗana? Tsakaninka da Allah ba ruwana, ku kuka san juna. Amma yau ubanka da kakanka suke jiran alkamarsu, ka bar su haka nan."

Ta naɗe hoton a mayafinta, ta fita ba ta waiga ba. Sauran suka ɗan yi jim na ladabi, sannan suka koma kan haƙarƙari. Da za su tafi kowa ya riƙe hannunsa ya ce rabon da su ga slava irin wannan tun ubansa na da rai. Malamin makaranta har ya nemi a ƙunsa masa saura.

Shekara ta zagayo, Budimir na nan lafiyarsa ƙalau, yana barci, yana shan magani, ɗalibai sun ɗan sami sauƙin wa'azi. Gidan Vukashin a ƙarshen layinsu yake. Vukashin ya zo da kansa ya ce, "Yaya, kai ai ba sai an ce maka ba." Budimir ya ce akida ta hana shi. Ƙarya yake yi, ko kuma rabin gaskiya. Tsoro yake ji. Ko jana'iza ya je, ƙamshin turaren coci na bugun hancinsa sai zuciyar ta fara tsohon halinta, ya kwana biyu bai dawo daidai ba. Ya sha wuya kafin ya sami wannan kwanciyar hankalin, ba zai kai ta gaban kyandir ya gwada ba.

Ranar slava da hantsi ya tsaya bayan labule yana kallonsu suna wucewa ta ƙofar gidansa, da kwalabensu da ƙullin kofinsu, mutanen da ya tashi yana gani a falon nan tun yana ƙaramin yaro. Ya sami abin da ya nema, gida tsit, ba waliyyi ba baƙo, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata.

Zagorka ta fito da rigarta ta fita unguwa, tana saka 'yan kunne.

"In kawo maka wani abu?"

"A'a." Ya bari ta kai bakin ƙofa. "Zaga, idan sun tambaye ni, kada ki ce hawan jini."

Ta juyo.

"Ki gaya musu gaskiya. Kukan da na yi a mota, da likitar, da maganin, duka. Ki ce ba don na raina su ba ne."

"Ka tabbata? Ka san bakin garin nan."

"Na tabbata."

Ta dawo ta gyara masa wuyan riga, ta fita.

Ya wuni yana kai da kawo tsakanin taga da kujera. Ya yi aski. Ya ɗora ruwan kofi, ya jera kofuna, don in ta gaya musu wataƙila kum ya biyo ta, wataƙila da Goggo. Ya maimaita a ransa inda zai fara da inda zai tsaya ya ba su dama su yi magana.

Kafin rana ta faɗi ta dawo, ita kaɗai. Ta zauna tana cire takalmi.

"Yaya aka yi?"

"Kifin ya bushe. Amma farantan sun yi kyau."

"Ni fa? Me suka ce?"

Ta ɗauki lokaci tana murza yatsun ƙafarta.

"Kum ya tambaya."

Budimir ya matso bakin kujera. "Ya ce me?"

"Ya ce in tambaye ka wurin wa ka gasa na bara. Ɗansa zai yi aure bayan azumi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Budimir. Na jira har aka fara tashi, ba wanda ya ƙara tambayarka."

Ya dubi kofunan da ya jera. Can ya miƙe ya fara mayar da su cikin kabad ɗaya bayan ɗaya, ya bar biyu.

"Mai gashin bayan tasha ne," ya ce. "Ki ce masa ya je da wuri, mutumin yana da layi."