Alhamis ɗin da Ban Ɗauko Allurar Ba

Tsufa ya goge mini abubuwa da yawa, amma wannan kam, har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba.

Uwargidana mace ce mai jiki tun ƙuruciya. Da shekaru suka ja, jikin ya zame mata kaya: ga ciwon sukari, ga gwiwoyi, daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta huta. 'Yarmu da ke aure a Rijiyar Zaki ce ta kai ta wajen likita, ya rubuta mata allurar rage ƙiba, sau ɗaya a mako, a fatar ciki. 'Yar tamu ce ke saye tana aiko mana. Allurar ba ta son zafi, sai mai kemis na garinmu ya ba mu wuri a firjinsa. Duk Alhamis bayan la'asar nakan hau keke in ɗauko, in rubuta ranar da ajami a bangon littafina.

Da farko tashin zuciya ya dame ta, loma uku ta ture kwano. Sannu a hankali jiki ya fara sauka. Kafin damina ta fita ta koma yin shara da kanta, har tana ba awaki dusa. Na ga wannan da idona, amma ban san ni'ima nake kallo ba.

Sai aka yi suna a gidan iyayenta, wajen Ɗanbatta. Yayarta ta tare ni a zaure, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. "Malam, haka muka ba ka ita? Ina kumatun? In abin ya gagara ka faɗa, gidanmu bai rasa hatsi ba."

Ranar kasuwa kuma wani abokina ya ɗaga murya cikin mutane: "Malam, gara ce ta shiga rumbu? Ka yi magana mu kawo gudummawa!" Aka bushe da dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. A wajenmu, ramar mace tonon asirin mijinta ce.

Alhamis ta zagayo, ban taɓa keke ba.

"Malam, yau fa Alhamis ce," in ji ta.

"Na sani. An gama da allurar nan. Ba za a mayar da ni abin magana a gari ba."

"Ni kuwa daɗin jikina nake ji."

"Na gama magana."

"To, Allah ya sa haka ya fi alheri."

Duk sanda 'yarmu ta yi waya, sai in ce akwai saura, kada ta aiko. Jiki ya dawo, har ya fi na da. Yayarta ta zo ta ce yanzu ta ga mutum, ni kuwa na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Ashe sukari yana can yana hawa. Da kaka ta zo, kara ya soke ta a ƙafa a tsakar gida, ciwon ya ƙi warkewa. A asibiti aka yanke mata yatsun ƙafa biyu.

Likitan ya dube ta, ina tsaye, 'yarmu na tsaye. "Inna, wa ya ce ki daina allurar?"

Ko inda nake ba ta kalla ba. "Ni ce na gaji da ita, likita."

Ya yi mata faɗa sosai, 'yarmu ma ta yi. Ni da nake karantar da mutane kan amana, na bar ta ta ɗauki laifin. Sai bayan wata guda na iya buɗe baki na gaya wa 'yarmu gaskiya.

Yau da sanda take tafiya. Cikin waɗanda suka yi dariya a kasuwa, babu wanda ya taɓa zuwa ya kama mata hannu ta tashi. Abin da na koya ke nan, a makare: bakin mutane ba ya jinya. Wanda ya kare sunansa da lafiyar wadda aka ba shi amana, shi ne ya kamata ya ji kunya.